Rake da Burtuntuna

Duk wanda ya taɓa noman rake a fadamun Gulbin Rima, wajen Sabon Birni da Isa, ya san ba a shuka shi da ƙwaya. Gaɓa a ke yankawa a binne, idonta ya tsiro. Watau gona guda, kome faɗinta, jikin uwa ɗaya ce. In cuta ta iya wa kara ɗaya, ta iya wa sauran duka.

Cutar da ta fi ɓarna 'yar'uwar burtuntunar dawa ce. A Natal ta Afirka ta Kudu aka fara ba da labarinta, cikin 1877. Kan raken ya kan fid da wata baƙar bulala mai gari kamar kunkunniya, iska ta kwasa ta kai gonar maƙwabci.

Abin mamaki, ƙarfin da aka ƙara wa rake daga kyauro ya fito, wannan ciyawa da Gobirawa su ke yin kibiya da ita. A Coimbatore ta ƙasar Hindu, inda aka kafa gidan bincike cikin 1912, masana suka haɗa furen rake da na kyauro, suka sami 'ya'ya iri iri, kowane da halinsa.

Sa'an nan sai gwaji. A kan jiƙa gaɓoɓin cikin ruwan da aka dama da garin cutar, a dasa, a riƙa ƙidaya bulalan da suka fito. Wanda ya kamu a yar, wanda ya jure a yaɗa shi. A Nijeriya ma'aikatan Badeggi ke wannan aiki.