Hasumiyar Fitila ta Ankara da Sawun Mutanenmu a Bakin Teku

Mu nan Urafane ba mu da teku. Ruwanmu na rijiya ne da na tabki. Amma duk wanda ya taɓa dawowa daga kasuwar Tasawa ko ta Mayahi da dare ya san daɗin hango haske daga nesa. Da ka tsinkayi wuta, ko jar fitilar da ke bisa eriyar salula, sai hankalinka ya kwanta, ka san gari ya kusa. To, haka matuƙan jiragen ruwa suke. Su ma suna bukatar abin da zai gaya musu inda ƙasa take. Don haka ake gina musu doguwar hasumiya a bakin teku, a sa mata fitila mai ƙarfi a ƙoli.

Yau za mu ziyarci ɗaya daga cikin irin waɗannan hasumiyoyi. Tana unguwar Jamestown, a birnin Accra na ƙasar Gana, wanda tsofaffinmu suke ce wa Ankara. Mun zaɓe ta ne domin Hausawa da ƴan Nijar da dama sun ci abinci a gindinta, wasu kuma sun yi kuka a wurin. Kuma bisa keke za mu je, don mai keke ya fi mai mota ganin hanya.

Daga Nima zuwa bakin ruwa

Mu ɗauka ka sauka a Nima, unguwar da baƙo daga arewa ba ya rasa masauki. Can za ka ji Hausa a kasuwa da masallaci kamar kana Maradi. Samun aron keke ba wuya, gama an daɗe da sanin mutanen zango da hawan keke fiye da ƴan ƙasa na bakin teku. Ka fita ran Lahadi da sassafe, kafin motoci su cika titi. Tafiyar duka ba ta kai kilomita 10 ba.

Ka gangara kudu har ka iso Dandalin Ƴancin Kai, wanda aka gama gininsa a 1961. Nan za ka fara jin rugugin teku da iska mai gishiri. Daga nan sai ka juya yamma, ka bi babban titin da ake kira High Street, teku tana hannunka na hagu. Jim kaɗan za ka wuce kabarin Kwame Nkrumah. A wannan fili ne ya yi shelar ƴancin kan Gana ran 6 ga watan Maris 1957, shekara uku kafin namu na 3 ga watan Agusta 1960.

Gaba kaɗan akwai wani tsohon gida mai ganuwa, Ussher Fort. Turawan Holan suka gina shi a 1649, ya koma hannun Ingilishi a 1868. Ka ƙara taka keke kaɗan, sai ga wani irinsa, James Fort, wanda Ingilishi suka gina a 1673. Dab da shi hasumiyar take tsaye, da fenti ja da fari. Sauka ka jingine kekenka, mun iso.

Kafin a kunna fitila

Waɗannan gidaje biyu ba don alheri aka gina su ba. Wuraren cinikin zinariya ne da na bayi. A cikinsu ake tsare mutane har jirgi ya zo ya kwashe su zuwa Amurka. Ingila ta hana jiragenta wannan ciniki a 1807, amma bauta a cikin ƙasar ba a soke ta ba sai a 1874. Kusa da nan akwai wata kasuwa da har yanzu ake kira kasuwar Salaga. Sunan ya fito daga Salaga ta ƙasar Gwanja, inda fataken Hausa suke kai kanwa da tufafi da fatu su sayo goro. Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata: ba goro kaɗai ake sayarwa a Salaga ba, har da mutane, kuma da hannun fatakenmu a ciki. Cikin waɗanda aka sayar ma akwai masu jin Hausa.

Daga baya aka mai da James Fort gidan kaso. Nan aka kulle Nkrumah a 1950. Yana ciki jam'iyyarsa ta ci zaɓe, aka sake shi a watan Fabrairu 1951, ya fito ya kama aikin gwamnati. Gidan bai daina zama kurkuku ba sai a 2008.

Yadda hasumiyar take aiki

Ingilishi sun gina hasumiya ta farko a wannan wuri a 1871. Shekara shida bayan haka, watau a 1877, suka ɗauke hedkwatarsu daga Cape Coast suka maido ta Ankara, jirage suka ƙaru. Wadda kake gani yanzu an gina ta a shekarun 1930, a madadin waccan. Tsawonta mita 28 ne. Wanda ya taɓa zuwa Agadas zai gane wannan tsawo, don hasumiyar babban masallacin can mita 27 ce. An gina ta yadda za a hango haskenta daga wajen kilomita 30 cikin teku.

Me ya sa sai an yi ta da tsawo? Domin duniya a dunƙule take kamar ƙwallo. In kana nufo wani ƙauye, kan kuka ko gawo kake fara gani kafin ka ga danga. Haka fitila, in tana ƙasa, doron ruwa zai ɓoye ta. Ƙarfin hasken kuwa ba daga wutar kaɗai yake ba. Akan kewaye fitila da gilasai masu tattara haske su harba shi wuri guda. Wani Bafaranshe mai suna Fresnel ya ƙago wannan dabara a shekarun 1820. Kowace hasumiya kuma tana da irin ƙiftawarta, wata sau biyu, wata sau uku, sannan ta ɗan dakata. Matuƙi yana da littafi. In ya ƙirga ƙiftawar ya duba littafin, sai ya san garin da ke gabansa. Ashe ko a tsakiyar teku, wanda bai iya karatu ba makaho ne.

Abin ya samo asali tun da daɗewa. Wadda ta fi suna ita ce ta Iskandariya a Masar, da aka gina wajen shekara 280 kafin haihuwar Annabi Isa, tsawonta ya wuce mita 100. Matafiyin nan Ibn Battuta ya gan ta a 1326 ta fara lalacewa, ya komo a 1349 ya tarar ta rushe har ba a iya shiga. Shi ne kuma ya zo Takadda, a ƙasarmu ta Nijar, a 1353. Da ya gani ya rubuta, shi ya sa muka sani.

Hausawa a gindin hasumiya

In mai tsaron wurin yana nan, kana iya biyan ɗan kuɗi ka hau matakala mai murɗewa har sama. Ka dubi kudu: ruwa iya ganinka, da kwale-kwalen masunta ƴan ƙabilar Ga, masu garin, da sabuwar tashar kifi da aka buɗe a 2024. Sa'an nan ka juya ka dubi gari, domin labarinmu a tudu yake.

Hausawa sun iso nan ta hanya uku. Ta farko ita ce aikin soja. A 1863 wani Bature mai suna Glover ya tara wasu Hausawa a Ikko, yawancinsu bayi ne da suka gudu, ya mai da su dakaru. An kawo su yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Da aka gama, wasu ba su koma ba.

Ta biyu fatauci da malanta. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, fatake suka bazu, wasu Kete-Krachi, wasu Kumasi, wasu Ankara. Da zangon farko ya cika, Malam Bako, wanda gidansu ya fito daga Katsina, ya sami fili a yamma ya kafa Sabon Zango wajen 1910. Daga ƙolin hasumiya kana iya duban wajen, bayan ƙoramar Korle. A wannan zamani ne goro ya canza hanya. Da, ayari yakan yi wata biyu ko uku da jakuna kafin ya kai ƙasar Hausa daga Gwanja. Sai fatake suka gane jirgin ruwa yana kai goro Ikko cikin ƴan kwanaki, ga shi kuma jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, yana cikin na farkon da suka riƙa ɗora goro a jirgin ruwa daga wannan gaɓa. Ke nan fitilar nan ta haska wa dukiyar Bahaushe hanya, ba ta Bature kaɗai ba.

Hanya ta uku ita ce ta talaka, watau cin rani. A zamanin Faransawa ana biyan lanho da kuɗi, ga aikin tilas da ba a soke ba sai a 1946. Samari suka riƙa tsallakawa ƙasar Ingilishi neman abin biya. Daga yankinmu na Tasawa da Mayahi yawanci Kano da Jos aka fi nufa. Masu zuwa Gwalkwas, kamar yadda ake kiran Gana a lokacin, sun fi yawa cikin Zabarmawa da Adarawa. Amma hanyar Kurmi ba a rufe take ga kowa ba. Wani Bafaranshe mai ɗaukar silima, Jean Rouch, ya bi wasu samari uku daga Nijar har bakin tekun nan a 1954, ya yi fim mai suna Jaguar.

Wane aiki suka samu? Ankara ba ta da tasha mai zurfi. Manyan jirage sukan tsaya can nesa da gaɓa, a sauke kaya cikin kwale-kwale, matuƙa su keto igiyar ruwa da su. In an iso tudu, sai ɗan dako ya sa kai. Buhunan koko su fita, siminti da gishiri da atamfa su shigo. Baƙi daga arewa suna da yawa cikin masu wannan dako, har kalmarmu ta “kaya” ta shiga bakin mutanen garin. Ɗan dako suna ce masa kayakaya, mata masu dako kuwa har gobe kayayei ake kiransu. Wanda ya yi sa'a yakan koma gida da akwati da bargo, wani har da keke, ƴan ƙauye su fito kallo.

Ranar da haske ya dushe

A 1962 aka buɗe babbar tashar Tema, gabas da Ankara. Jirage suka koma can, suna jingina da gaɓa, injuna suna sauke kaya. Aikin kwale-kwale ya mutu, Jamestown ta talauce. Yau kuma jirage suna sanin inda suke ta hanyar tauraron ɗan Adam, hasumiyar ta fi zama abin ziyara.

Babban tashin hankali ya zo ran 18 ga watan Nuwamba 1969. Gwamnatin Kofi Busia ta ba da doka cewa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama ya samo ta cikin kwana 14, ko ya bar ƙasar. Yawancin mutanenmu ba su taɓa riƙe irin wannan takarda ba. Wani ya shekara talatin a can, wani can aka haife shi. Dubban dubbai suka fita, ƴan Nijeriya da ƴan Nijar da na sauran ƙasashe. Aka sayar da gidaje da rumfuna a wulaƙance, aka cika manyan motoci, wasu suka rasu a hanya. A 1983 Nijeriya ita ma ta kori baƙi, ƴan Gana wajen miliyan guda suka koma gida. Ramin mugunta, an ce, a gina shi gajere.

Abin da ya rage gare mu

Yanzu sauko, ka ɗauki kekenka. Kafin ka hau, ga abin tunani. Mun san shekarar da aka gina hasumiya, mun san tsawonta, mun san sunan Baturen da ya tara soja. Amma wa ya san sunayen masu dakon da suka sauke simintin gina birnin? Littattafan kamfani nauyin kaya suka rubuta, ba wanda ya ɗauka ba. Inda muka sami labari daga bakin namu, wani ne ya zauna ya rubuta, kamar Alhaji Umaru, haifaffen Kano, limamin Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934 ya bar tarihi da waƙoƙi cikin ajami da Larabci.

Yaron da yake da shekara 20 a 1969 yau ya wuce 75. Irinsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Kai da ka shiga ajin yaƙi da jahilci, ga aikin da zai gwada alƙalaminka. Ka nemi tsoho ko tsohuwa a unguwarku da ya taɓa zuwa Kurmi, ko Ankara ce, ko Kumasi, ko Ikko. Ka gaishe shi da ladabi, ka ce: “Baba, wace shekara kuka tafi? Ta wace hanya? Wa ya sauke ku? Wane aiki kuka yi? Me kuka kawo gida?” Ka rubuta yadda ya faɗa, kada ka ƙara gishiri. Ka sa sunan garinsu da ranar da kuka yi hirar. Ka karanta wa ƴan ajinku, sa'an nan ka adana.

Kai kuma saurayi mai shirin cin rani bana, kada ka fita sai da katin shaidarka, kuma ka iya karanta abin da aka rubuta a kai. Waɗanda suka gabace ka sun ga abin da rashinsa ya jawo.

Allah ya ji ƙan waɗanda suka kwanta a can nesa da gida, ya maido da matafiyanmu lafiya. Amin.