Gidan da Laka ta Adana a Sisili

Wani hoto ne ya fara jan hankalina ga wannan gida: wani mutum ya rungumi jimina yana hawa jirgin ruwa da ita. Da ƙananan duwatsu masu launi aka jera hoton, a daɓen wani katafaren gidan Rumawa kusa da garin Piazza Armerina, a tsibirin Sisili na Italiya. Ana kiran gidan Villa del Casale.

An gina shi a farkon ƙarni na 4 miladiyya. A ƙarni na 12 ƙasa ta zabtaro daga tudu ta binne shi, mutane suka ci gaba da noma a kai. Paolo Orsi ya fara tono a 1929, amma Gino Vinicio Gentili ne ya fito da mafi yawan gidan daga 1950 zuwa 1960. Lakar da ta rufe gidan ita ce ta kare daɓensa daga rana da ruwa da ɓarayi. An samu zane mai faɗin kimanin murabba'in mita 3,500. A 1997 UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihi na duniya.

Inda na fi daɗewa ina dubawa shi ne wani dogon baranda mai kusan mita 60. A nan aka zana mafarauta suna kama giwa da karkanda da jimina da sauran namun dawa da ransu, ana loda su a jiragen ruwa zuwa Rum, inda ake kashe su a filin wasa don jama'a su yi kallo. Masana da dama na ganin magina daga Arewacin Afirka ne suka jera duwatsun, domin salon ya yi kama da na Kartaj.

Har yau ana gardama kan mai gidan: wasu sun ce Sarki Maksimiyan ne, wasu sun ce wani gwamnan Sisili ne. Ni kuwa hankalina na kan masu aikin, waɗanda suka durƙusa suna jera dutse ɗaya bayan ɗaya, suna zana yadda ake kwashe dabbobin ƙasarsu. Giwar Arewacin Afirka ta ƙare tun zamanin Rumawa. Wanda ke son ganin kamanninta yau, sai dai ya dubi irin wannan daɓe.