Karatun 'Ya Mace a Ƙasar Dutse

'Yan'uwana mata, duk wadda ta tashi a ƙasar Dutse ta san idan iyayenmu suna hirar makaranta mai kyau, to Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu suke nufi. Makarantar kwana ce ta maza zalla, can ne ma Alhaji Aliko Ɗangote ya gama a 1978. Da an ce yaro daga Birnin Kudu ya fito an gama magana, ba mai tambayar ko ya iya rubuta wasiƙa. Sirrin kuwa ba wani boyayye ba ne, malamai suna zaune cikin makaranta, karatun dare dole ne, wanda ya faɗi jarrabawa ya maimaita aji ko ɗan waye.

To mata fa? Lokacin ƙasar nan tana cikin Jihar Kano, yarinyar da Allah Ya tarfa wa garinta nono sai a haɗa mata akwatin ƙarfe da garin kwaki da ƙuli-ƙuli, a kai ta Dala ko WTC a Kano, ko makarantar kimiyya ta 'yan mata da ke Taura. Mafi yawa kuwa ana gama firamare sai ɗaki.

Ranar 27 ga Agusta 1991 Janar Babangida ya ƙirƙiro Jihar Jigawa, Dutse ta zama hedikwata. Amma sai da aka shekara 20 cif kafin Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011. A 2016 aka naɗa mace, Farfesa Fatima Batul Mukhtar, ta shugabance ta har shekara 5. Ni da na tsaya a sakandare wallahi abin ya yi mini daɗi, don uban da ke cewa jami'a ta yi wa 'ya mace nisa ya rasa ta cewa.

Sai dai kusa daban, inganci daban. A 2020 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki na wata 9, a 2022 suka sake na wata 8, tun Fabrairu har Oktoba. Idan aka koma sai a yi ta gudu da karatu don a cike giɓi, ɗalibi ya haddace takarda ya juye ranar jarrabawa, washegari ya manta. Matar aure kuma ga girki, ga yara, ga lacca ƙarfe takwas na safe.

Kuma yajin nan bai faɗa wa kowa daidai ba. Namiji zai shiga kasuwa ko gona ya jira. Ita kuwa budurwa tana zaune gida, masu sallama suna zarya, gwaggonni suna cewa, "Wannan karatu naki ba shi da ranar ƙarewa, Yaya a ba ta miji kawai." Da aka buɗe a Oktoban 2022, na san waɗanda suka koma aji da juna biyu, na kuma san wadda har yau akwatinta yana ƙarƙashin gado, maigidan ya ce a bari tukuna.