Ƙararrawar Ɓarayi da Mas'alar Yankakkiyar Waya

Tun zamanin da ɗan Adam ya fara mallakar abin da yake tsoron rabuwa da shi, bai gushe ba yana neman wanda zai farka a madadinsa idan barci ya rinjaye shi, shi ya sa kakanninmu suka ɗaure kare a bakin zaure, suka ajiye sarkin ƙofa a ganuwa. Amma ranar da aka fara ɗora wa ƙarfe da wutar lantarki wannan amana sananniya ce, domin kuwa a ranar 21 ga watan Yuni na shekarar 1853 hukumar Amurka ta ba wani limamin coci mai suna Augustus Russell Pope, mazaunin Somerville kusa da birnin Boston, takardar shaidar cewa shi ne ya ƙago ƙararrawar da ke kaɗa kanta idan an buɗe ƙofa ko taga.

Hikimarsa ba ta da wuyar fahimta. Ya ja waya daga batir zuwa kowace ƙofa, ya bar ɗan giɓi a tsakanin ƙarafa biyu, ta yadda muddin ƙofa na rufe wuta ba ta da hanyar wucewa, da zarar kuwa an tura ƙyaure sai ƙarafan su haɗu, wuta ta bi, maganaɗisu ya fizgi 'yar guduma ta yi ta dukan ƙararrawa. Bai daɗe bayan haka ba ya rasu, a 1858, bai ga abin da ƙirƙirarsa ta zama ba.

Wanda ya mai da ita sana'a shi ne Edwin Holmes, ɗan kasuwa wanda ya sayi haƙƙin a 1857, da ya ga Boston ba ta karɓe ta ba sai ya kwashe kayansa ya koma New York a 1859, inda dukiya ta fi yawa, masu haura katanga ma haka. Shi ne ya lura da abin da mai hankali zai lura da shi, wato ƙararrawar da ke kuka a gidan da babu kowa ba ta da wata fa'ida face ta hana maƙwabta barci, saboda haka ya tattara wayoyin gidaje da kantuna zuwa ofishi guda inda ma'aikata ke zaune dare da rana suna lura. Wani abin al'ajabi ya fito daga nan. A 1877 ɗansa, wanda ke riƙe da reshen Boston, ya jona sabuwar na'urar tarho ta Alexander Graham Bell a kan wayoyin nan, da rana mutane su yi magana da juna, da dare wayar ta koma gadi. A kamfanin nasu ne kuma aka ɗauki Emma Nutt a 1878, mace ta farko mai haɗa kiran tarho, bayan samarin da aka fara gwadawa sun gaza wajen ladabi. A 1905 kamfanin AT&T ya saye harkar Holmes.

To, amma a ganina babin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne aibin da ke cikin tsarin farko. Tun da wuta ba ta tafiya sai an buɗe ƙofa, ɓarawon da ya san sirrin ba ya buƙatar komai illa almakashi, ya datse waya ya shiga, ƙararrawa kuwa ta yi tsit. Haka nan in batir ya mutu ko ɓera ya gwagwiyi waya, mai gida zai kwana da natsuwar da ba ta da hujja, domin shirun lafiya da shirun mutuwa duk ɗaya ne a kunnensa. Masu sana'ar da suka biyo baya sai suka juya ƙa'idar baki ɗaya, suka bar 'yar wuta tana zagayawa ba dare ba rana, ya zamana katsewarta ce ke tayar da ƙara, ko ta hanyar buɗe taga ko ta hanyar yanke waya. Daga baya suka ƙara wani ɗan ƙarfe mai tauye wuta a ƙarshen layi, domin akwatin sarrafawa ya riƙa auna ma'auni sananne, ya gane in an yi masa ha'inci an haɗe wayoyin biyu a tsakiyar hanya.

Wannan gyara bai zo kyauta ba. Na'urar da aka koya wa shakkar kowace katsewa za ta yi kururuwa saboda tsatsa a mahaɗin waya, ko ƙyauren katako da ya kumbura da damina har maganaɗisun da aka maƙala masa ya goce daga abokinsa, ko gizo-gizon da ya yi saƙa a kan idon na'ura mai jin ɗumin jiki. Mafi yawan kiran da 'yan sandan Amurka ke amsawa daga irin waɗannan ƙararrawa ba ɓarawo a bayansa, har garuruwa da dama suna cin tarar mai gidan da abin ya yawaita masa. Shi ya sa mai gyara, ko a Boston ko a Kano, aikinsa guda ne: ya duba batir tukuna, musamman a inda wuta ke yawan ɗaukewa, sannan ya bi layi da mitarsa ɗaki bayan ɗaki har ya tarar da inda zagayen ya yanke.

Wanda ya sa irin wannan na'ura a gidansa, ina ba shi shawara ya zaɓi rana guda a kowane wata, ya sanar da maƙwabta, ya kunna ta, sannan ya buɗe tagar bayan gida da hannunsa ya saurara.