Fourah Bay da Durham: Wa Zai Auna Karatun?

A birnin Freetown na ƙasar Saliyo akwai wata tsohuwar makaranta da ake kira Kwalejin Fourah Bay. Ƙungiyar mishan ta CMS ce ta kafa ta a 1827, domin ta horar da malamai da masu wa'azi daga cikin bayin da aka ƙwato a teku aka 'yanta. Ɗalibinta na fari shi ne Samuel Ajayi Crowther, wanda ya bi kogin Kwara a 1841 tare da J. F. Schön, mutumin nan da ya rubuta nahawu da ƙamus na Hausa daga baya.

Kusan shekara 50 makarantar tana auna kanta da kanta. Mishan ke shirya darussa, mishan ke yin jarrabawa, mishan kuma ke cewa ɗalibi ya isa. Laifi kuwa tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani. Sai masu ilimi na ƙasar suka fara gunaguni. A 1868 likita James Africanus Horton ya rubuta cewa Afirka ta Yamma tana bukatar jami'a tata. A 1872 Edward Blyden ya kai maganar gaban Gwamna Pope Hennessy, yana so a kafa jami'ar da ba ta hannun mishan.

Amsar da CMS ta bayar ita ce ta nemi wanda zai duba aikinta daga waje. A 1876 aka haɗa kwalejin da Jami'ar Durham ta Ingila, aka kuma buɗe ƙofa ga ɗaliban da za su biya kuɗi ko da ba aikin ikilisiya suke nufi ba. Ko da yake ita ma Durham tushenta na Anglika ne, burinsu ba ɗaya ba ne. Mishan tana neman ma'aikata don gonar Ubangiji, jami'a kuwa tana tsaron darajar digirinta. Sai suka raba aiki. Koyarwa da ɗawainiyar kuɗi suna wuyan mishan. Durham ce ke amincewa da tsarin karatu, ta shirya tambayoyi, ta duba amsoshi, takardu suna kai da kawowa a jirgin ruwa. A 1918 mishan na Methodist ta shigo ta kama wa CMS riƙon kwalejin.

Amfanin wannan shiri a fili yake. Ɗan Afirka ya sami digiri irin na ɗan Ingila, ba mai iya cewa rangwame aka yi masa. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga Nijeriya da ƙasar da yau ake kira Gana. Cikinsu akwai Kenneth Dike, wanda ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci makarantar jami'a ta Ibadan a 1960.

Amma akwai hasara. Mai jarrabawa yana zaune a Ingila, ma'auninsa kuwa na Ingila ne. Saurayi yakan ƙware a Latin da Helenanci, alhali ƙasarsa tana kukan rashin masana noma da injiniyoyi. Akwai mai tambaya ko karatun ya kai matsayi, amma mai tambaya ko ya dace da ƙasar ba shi da ƙarfin murya. Sa'ad da hukumar Elliot ta bincika ilimi mai zurfi a Afirka ta Yamma daga 1943 zuwa 1945, kawunan wakilanta suka rabu, har waɗansunsu suka ba da shawara a rage matsayin Fourah Bay. Mutanen Saliyo suka ƙi, kwalejin ta tsira.

Bayan samun mulkin kai a 1961, aka kafa Kwalejin Njala a 1964 da taimakon Jami'ar Illinois ta Amurka, domin koyar da noma da horar da malamai. A 1967 dangantaka da Durham ta ƙare bayan shekara 91, Fourah Bay da Njala suka zama Jami'ar Saliyo. Makarantar littafi da makarantar gona suka shiga ƙarƙashin majalisa ɗaya mai duba darussansu da ba da digiri. Haka suka zauna har 2005, sa'ad da Njala ta zama jami'a mai cin gashin kanta.

'Yan'uwa, wannan labari ya shafe mu, gama makarantun tauhidi namu ma sun bi wannan hanya, kamar yadda TCNN ta Bukuru ta haɗa kai da Jami'ar Jos. Idon baƙo yana da amfani, kada mu ji tsoronsa, domin yakan ga abin da sabo ya rufe mana. Amma sa'ad da aka zauna duba darussa, bari a yi tambaya biyu, ko karatun ya kai, da kuma ko zai amfani mutanen da za a aiki ɗalibin wurinsu. Baƙo zai iya amsa ta fari. Ta biyun kuwa sai masu gida.