Ambaton Madogara a Kundin Ɗalibi: Darasi daga Rubutun Tarihin Kabi da Gwandu

Tsakure

Maƙalar ta dubi satar fasaha a kundayen kammala karatu ta fuskar tarihin Kabi, fannin da ke kusa da hannun ɗaliban Birnin Kebbi da Argungu. An bi hanyar nazarin matani, aka kwatanta tsarin Abdullahi ɗan Fodiyo na ambaton malamansa da ƙa'idojin ambaton madogara na tsarin APA. An gano cewa ɓoye madogara yana hana mai karatu auna ruwaya, kuma manhajojin kama kwafe ba lallai su kai ga aikin da aka fassara ko aka ɗauko daga baka ba.

Gabatarwa

Ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, da na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, kowanensu sai ya rubuta kundi kafin ya karɓi shaidar kammalawa. A duk faɗin ƙasar nan, gargaɗin da aka fi yi wa ɗalibi a kan kwafe shi ne na tsoratarwa: za a kama ka, za a soke aikinka. Gargaɗin gaskiya ne, amma ya bar ɗalibi da zaton cewa ambaton madogara wata ƙa'ida ce ta Turawa da ake cikawa don mai duba aiki ya sa hannu. Wannan zaton ne maƙalar ke son ta rushe, da hujja daga ƙasar Gwandu kanta.

Gadon da ke gida

A 1812 Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda kabarinsa ke Gwandu, ya rubuta Ida'un Nusukh, ɗan littafin da ya keɓe don lissafa malaman da ya ɗauki karatu wurinsu. Ya faɗi cewa Alƙur'ani wurin mahaifinsa ya karance shi, ya ambaci littattafan nahawu da waƙoƙin Larabci da ya karanta a gaban yayansa Shehu Usmanu, ya kawo Malam Jibrilu ɗan Umaru da Alhaji Muhammadu ɗan Raji, wanda shi da Shehu suka ji Sahihul Bukhari daga gare shi. Mervyn Hiskett ya buga littafin da fassararsa a 1957, kuma da shi masana suka san abin da ake karantarwa a wannan yanki kafin jihadi. Haka a tafsirinsa Liya'ut Tawili, Abdullahi bai ɓoye cewa ya dogara da magabata irin su Baidawi da Ibnul Arabi ba.

Malamin da ya kai wannan matsayi bai ga kasawa ba a faɗin inda ya samo. A tarbiyyar isnadi da ya tashi cikinta, maganar da ba a san mai ita ba ba ta zama hujja, kome daɗinta. Abin da APA ta ƙara shi ne shekara da lambar shafi, tun da littafin ɗab'i yana da su.

Kanta a bakin masu ruwaya uku

A ɗauki ɗalibin da ke rubutu a kan asalin Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a ƙarni na 16, ya zauna a Surame. Abdurrahman Sa'adi, a Tarikhus Sudan da ya rubuta a ƙasar Songhai a tsakiyar ƙarni na 17, ya kawo shi a matsayin wanda ya yi wa Sarkin Songhai Askiya Muhammadu tawaye bayan yaƙin Agadas, saboda saɓani a kan ganima. Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu, a Infakul Maisuri na 1812, ya kawo ruwayar da ke cewa bawan Fulani ne. Ruwayoyin Kabawa kuwa suna danganta shi da Kuyambana ta ƙasar Katsina, ta gidan sarauta.

To, idan ɗalibi ya tsinci ruwayar Bello a wani shafin intanet ya zuba ta a kundinsa tsirara, ba suna ba shekara, me ya aikata? Ya ci haƙƙin marubuci, wannan ba gardama. Amma ɓarnar da ta fi ita ce ya hana mai karatu sanin cewa an rubuta maganar shekara bakwai bayan mayaƙan jihadi sun ci Birnin Kebbi a 1805, kuma mai rubutun yana ɓangare ɗaya na yaƙin. Wannan ba ya ƙaryata Bello, wanda shi ma ruwaito abin ya yi. Yana dai ba mai karatu ma'auni. Ruwayar Kabawa ta fadar Argungu ita ma tana da nata dalilin ɗaukaka kakanta, don haka ita ma sai an faɗi mai ita. A ganina, kundin da ya jera ukun da sunayensu ya fi wanda ya zaɓi ɗaya ya mayar da ita tamkar wahayi, ko da marubucinsa bai iya yanke hukunci a tsakaninsu ba.

Akwai kuma wani kwafen da ke zuwa da rigar mutunci. Ɗalibi ya karanta Hogben da Kirk-Greene (1966), ya ga sun ambaci Bello, sai ya rubuta (Bello, 1812) kamar ya buɗe littafin Larabcin da hannunsa. Daidai shi ne ya rubuta: Bello, kamar yadda Hogben da Kirk-Greene (1966) suka kawo. Abin ya fi muhimmanci a nan, domin da yawa sun san Infakul Maisuri ne ta hannun E. J. Arnett (1922), wanda aikinsa ya haɗa fassara da taƙaitawa.

Inda manhaja ba ta gani

Jami'o'in Nijeriya suna amfani da manhajar kama kwafe ta Turnitin, kuma a 2021 Kwamitin Shugabannin Jami'o'i ya ƙaddamar da EagleScan. Aikin irin waɗannan manhajoji shi ne gwada jerin kalmomi da abin da ke rumbunsu. Ɗalibin Sashen Hausa da ya ɗauki shafi biyu daga maƙalar P. G. Harris ta 1942 a kan masuntan Kabi, ya juya su Hausa da kansa, zai iya samun sakamako mai tsabta, alhali hankaka ne mai da ɗan wani nasa. Fassara ba ta mayar da tunanin wani ya zama naka. Haka sauya kalma biyu ko uku a jimla. Kundin M. B. Alkali na 1969 a kan Kabi a ƙarni na 19, da na S. A. Balogun na 1970 a kan Gwandu, an rubuta su tun zamanin tafireta, don haka malamin da ya karanta su ya fi kowace na'ura saurin gane warinsu a aikin ɗalibi.

Ƙa'idar kanta ba ta da wuya. A bugu na 7 na APA, zancen da aka ɗauko kalma da kalma, in bai kai kalma 40 ba, ana sa shi cikin alamar buɗe zance da rufewa, tare da suna da shekara da shafi. In ya kai 40, a ware shi a sakin layi nasa. Matsalar takan faro ne tun a littafin ɗaukar bayani, inda ɗalibi ke cakuɗa jimlar marubuci da tasa, bayan wata biyu ya kasa rarrabewa. Nan ya kamata mai duba aiki ya fara leƙawa, tun kafin babi na biyu.

Madogarar baka

Mafi yawan abin da aka sani game da kamun kifin Matan Fada a Argungu, bikin da ya samo siffarsa ta yanzu daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, UNESCO kuma ta sa shi a jerin gadon al'adu a 2016, yana ƙirjin mutane ne: Sarkin Ruwa, masunta, makaɗa, da ma'aikatan Gidan Tarihi na Kanta da aka buɗe a 1958. Waɗannan su ne aka fi zalunta, don ba su da littafin da za su nuna su ce nasu ne. Sau da yawa dattijo zai ba da yininsa yana bayanin yadda ake riƙe homa da gora a ruwa, a kundi sai a ga "bincike ya nuna".

APA tana ɗaukar hirar da ba a adana ba a matsayin zance tsakanin mutum biyu, a ambace ta cikin rubutu kawai. Wannan bai wadatar ba a tarihin da rabinsa na baka ne. Tsarin da sassan Tarihi da na Hausa suka saba bi ya fi dacewa: a rubuta sunan mai bayani, da shekarunsa, da sarautarsa ko sana'arsa, da wurin hirar da ranarta, sannan a adana sautin a sashe. Idan mai bayanin ya nemi a sakaya sunansa, kamar yadda kan faru a zancen gadon sarauta ko sirrin sana'ar su, sai a sakaya, a faɗi cewa shi ya nema, a bar cikakken sunan a hannun mai duba aiki.