Rawani da Doki: Nazarin Sarautun Mayaƙa da Al'adun Naɗinsu a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Tsakure

Wannan maƙala ta duba tarihin sarautun mayaƙan doki a masarautar Katsina da bukukuwan naɗinsu, ta mayar da hankali ga kudancin ƙasar. Ta kwatanta su da ƙungiyoyin barade na sarakunan Turai, ta kuma nuna cewa naɗi a ƙasar Hausa alƙawarin tsaron ƙasa ne tsakanin sarki da bara, kuma mulkin mallaka ya bar bikin amma ya zare ƙarfin da ke bayansa.

Gabatarwa

A shekarar 1348 Sarki Edward na Uku na Ingila ya kafa ƙungiyar barade ta Garter, wadda membobinta ba sa wuce ashirin da huɗu ban da sarki da magajinsa da 'yan gidan sarauta. Har yau suna taruwa a fadar Windsor a watan Yuni, su yi jerin gwano cikin alkyabbobinsu. Hausawa sun san irin wannan tsari ta hanyar lambobin da Turawa suka ba manyan Arewa, irin su Sarkin Katsina Sir Usman Nagogo da Sardauna Sir Ahmadu Bello. Sai dai ƙasar Hausa ba ta jira Ingila ba kafin ta san yadda sarki ke ɗaukaka jarumi. Tana da nata tsari, wanda bai tara barade cikin ƙungiya ɗaya mai ƙayyadadden adadi ba. Kowane jarumi ana ba shi sarauta mai sunanta, da ƙasarta, da matsayinta a fada da fagen fama.

Asalin tsarin

Tarihin sarakunan Kano ya danganta shigowar lifidi da sulke da kwalkwali ga Sarki Kananeji, wajen ƙarshen ƙarni na 14. Wannan kaya shi ya raba mayaƙa aji-aji. 'Yan lifida suna tafe da dawakai masu nauyi, su ne garkuwar sarki, barade kuwa masu saurin kai hari ne, sannan dakaru da 'yan baka a ƙasa. Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Sakkwato, ya nuna cewa tsadar doki da kayansa ta sa yaƙin doki ya zama abin masu sarauta da barorinsu. Sarki ne ke ba da doki, wanda ya karɓa kuwa ya ɗauki bashin fita duk ranar da aka buga tambari.

A Katsina, Ƙaura shi ne shugaban mayaƙa. Shi da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi suna cikin masu zaɓen sarki, abin da ke nuna cewa takobi da shawara ba su rabu ba. Kayan sarautar Katsina ma shaida ne: takobin nan Gajere da ake dangantawa da Sarki Korau yana cikin abin da ake miƙa wa sabon sarki.

Kudancin Katsina a matsayin bakin daga

Yusufu Bala Usman, a bincikensa na 1981 kan sauye-sauyen Katsina, ya ba yankin kudu, wato Katsina Laka, muhimmanci saboda albarkar ƙasarsa da tsofaffin garuruwansa. Sunayen sarautun yankin suna riƙe da wannan tarihi. Hakimin Ƙanƙara shi ne Sarkin Pauwan Katsina, daga tsohon garin Pauwa. Sarautar Kogo, wadda take a Sabuwa a yau, tana komawa ne ga Birnin Kogo. Hakimin Faskari kuma Sarkin Yamma ne. Bayan da Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a 1807, tsofaffin sarakunan Haɓe suka kafu a Maraɗi, suka yi ta kawo hari cikin ƙarni na 19, musamman zamanin sarkinsu Ɗan Baskore. Dazuzzukan yamma, daga Rugu zuwa iyakar Zamfara da Birnin Gwari, su ne hanyar mahara. Wanda aka ba rawani a wannan yanki ba hutu aka ba shi ba. Gyaran ganuwa, da tara mahaya, da kai labari Katsina cikin gaggawa, duk suna wuyansa.

Bikin naɗi

A nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau, domin kowane mataki yana ɗauke da ma'ana. Wanda za a naɗa yakan zo fada da danginsa, ya faɗi gaban sarki. Dogarai su kare shi da manyan rigunansu yayin da ake sa masa riga, a naɗa rawani, a yafa alkyabba. Kayan daga hannun sarki suke fitowa, kuma wannan shi ne jigon al'amarin: mutum ya shiga da tufafinsa, ya fito da na ubangidansa. Sai ya sake faɗuwa ya yi godiya, fadawa suna amsawa a madadin sarki, sarki ya yi masa nasiha a kan amana da adalci, liman ya yi addu'a. Daga nan a ɗora shi kan doki, maroƙa suna kirarin sarautar, ba na mutumin kaɗai ba, suna jero waɗanda suka riƙe ta kafinsa.

A Ingila sarki kan taɓa kafaɗun barde da takobi a biki ɗaya, lambar kuma ta zama tasa har mutuwa. A nan kuwa sabunta alƙawarin ake yi kowace Sallah. Hakimai kan taho Katsina da mahayansu, su bi jerin da al'ada ta tsara, sannan a Ƙofar Soro kowace tawaga ta yi sukuwa ta ja linzami gaban sarki, ta ɗaga hannu ta yi jinjina. A ganina wannan ƙidayar runduna ce da ta rikiɗe ta zama biki, domin a nan sarki ke ganin wa ya zo, da dawakai nawa.

Abin da mulkin mallaka ya canja

Bayan 1903 Turawa suka hana yaƙi, suka yanka ƙasa gunduma-gunduma, suka sa hakimai zama a cikinsu don karɓar haraji da jangali. Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya riƙe Durɓi kafin ya hau gadon a 1906, ya yi mulki har 1944, ya juya son doki zuwa folo da hawa na ƙawa. Babban hawan Kaduna na 1956 da aka yi wa Sarauniya Elizabeth ya nuna sulke da lifidi sun koma kayan kallo. Daga baya gwamnatin soja ta karɓe 'yan doka da kotuna daga hannun sarakuna, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kwashe sauran iko.

Illar haka ta fito fili a yankin da muke nazari. Dazuzzukan da mahara suka bi a ƙarni na 19 su ne maɓoyar 'yan bindiga a yau, kuma a Ƙanƙara aka sace ɗalibai fiye da 300 a watan Disamba na 2020. A 2019 masarautar Katsina ta dakatar da hawan Sallah saboda halin tsaro. Talakan Faskari ko Sabuwa har yanzu ƙofar hakimi yake fara zuwa idan an kai hari, domin nasihar da aka yi ranar naɗi ta ce amanarsa tana hannun mai rawani. Amma doka ba ta bar wa hakimin ko ɗan sanda ɗaya da zai ba umarni ba, kuma tsarin mulkin 1999 bai ambaci aikinsa ba.